Gwangwanin da Ba a Yi wa Tozo Ba

Ku 'ya'yana, akwai sunan da kuke kiran baffanku na Dabaga da shi. Kun tsince shi a bakin mutanen unguwa, ba ku taɓa tambayar asalinsa ba: Musa Tozo. Ranar sunan ɗiyar 'yar'uwarku Hadiza na ji autanku ya faɗe shi a gaban idonsa, aka yi dariya, shi ma ya yi, don kunnensa na hagu ba ya ji, na dama kuma ya saba. Ni ne ban yi dariya ba. Na tashi na ce zan sake alwala. Tun ranar maganar nan take cina, kuma yanzu da gwiwa ta fara gardama, ido ya fara hazo, tsoro nake ji kada in tafi in bar sunan nan a kansa. Saboda haka ku ajiye abin da kuke yi ku karanta wannan har ƙarshe.

Abbanmu, wato kakanku, maƙeri ne ɗan maƙeri. Da azurfa ya fara, yana yi wa matan Agadas zobba da 'yan kunne, amma da manyan motoci suka fara zuwa daga Damagaram sai ya lura cewa hanya tana karya ƙarfe fiye da yadda mata ke batar da zobe. Ya kafa rumfar tabarmi kusa da tasha, ya koma gyaran kamiyo, wato manyan motocin nan. Mu biyu ne maza a gidan. Yaya Musa ne ɗan fari, ya girme ni da shekara bakwai, sannan ni, Sidi. Lokacin da aka zo neman yaran da za a sa lakwal, makarantar boko, shi ya riga ya iya zuga da riƙon awartaki, ni kuwa ko guduma na ɗauka sai ta faɗo mini a yatsa. Abba bai yi dogon tunani ba, ya miƙa ni. Ba don ya ga wata basira a goshina ba ne, ya ba da wanda rumfa ba za ta yi kewarsa ba.

Sai ƙasa ta samu 'yancin kai, lissafi ya juye. Shugabanmu na farko shi kansa tsohon malamin lakwal ne, kuma ko'ina ka zauna maganar ɗaya ce: Nasara suna tafiya, 'ya'yanmu masu takarda za su karɓi kujerunsu. Ni da aka yar, sai ga shi na ci jarrabawa an tura ni babbar makaranta a Damagaram. Idan na zo hutu Abba yakan sa a shimfiɗa mini tabarma a cikin rumfa, kusa da shi, ya ce in yi magana da Faransanci don shofer-shofer, wato direbobi, su ji. Ina yi kuwa, har da ƙari. Yaya Musa yana ƙarƙashin mota, ƙafafunsa kawai ake gani.

Dole in gaya muku wani abu da ku 'yan yanzu ba ku san nauyinsa ba. A gidanmu ba a kama sunan ɗan fari. Abba "kai wanga" yake ce masa, Inna kuma "Babba". Ba a yabonsa a gaban mutane, ba a tsaya masa in an zarge shi, ko ciwo ya yi Inna sai dai ta dafa magani ta ba maƙwabciya ta kai masa. Kunya ce, ba ƙiyayya ba. Ni kuwa an sake mini fuska, ana kiran sunana tun daga zaure har madafa. Ku riƙe wannan, don zai dawo.

Hutun sanyi na shekara ta uku bayan 'yanci na tarar Abba ya sayi kayan sudir, wato liƙin ƙarfe da harshen wuta, a hannun wani Bafaranshe mai gareji da ke haɗa kayansa zai koma gida. Akwai shalimo, bakin da wutar ke fita, akwai tiyo da kwalbar oksijen. Abu ɗaya ya rube, tukunyar da ake haɗa gaz a ciki. Gaz ɗin daga karbir yake fitowa, wani dutse mai launin toka wanda in ya taɓa ruwa sai ya yi ta tafasa yana fitar da iska mai warin tafarnuwa, mai kama wuta kamar ba gobe. Yaya Musa ya riga ya gano yadda za a ƙera wata. Za a cika babban tano, wato gangar ƙarfe, da ruwa, a kifa ƙaramin tano a ciki, a saka karbir a ƙarƙashinsa. Gaz na taruwa, ƙaramin tano na tashi sama, ruwa na tsare bakinsa. Da hannunsa ya yanke, ya liƙe, ya sa famfo. Abin da bai sani ba shi ne yawan karbir da za a zuba a tashi ɗaya, kada gaz ya fi ƙarfin tanon ya ɓullo ta ƙasa. Ya ce zai fara da kaɗan yana ƙarawa har ya gane.

Abba ya ce, "Mi za a yi da lalube ga mai ilimi zaune? Sidi, littahinku bai hwaɗi wanga ba?"

Na ce ya faɗa, kuma gaskiya ne. A watan da ya wuce aka koya mana mol, ma'aunin masu kimiyya, kamar tiya a wajen masu hatsi, sai dai shi ƙwayoyin abu yake ƙirgawa. An ce mana mol ɗaya na kowane irin gaz yana cin wurin litir ashirin da biyu da 'yan kai, 22,4. Na zagaye lambar da jan alƙalami don ta burge ni, lamba ɗaya ga duk iskar duniya. A ƙarƙashinta akwai sharaɗi da ƙananan baƙaƙe game da zafi da matsin iska. Na haddace shi yadda muke haddace komai a lokacin, baki na faɗa, kai ba ya ciki.

Na zauna a tabarma da kaye na, littafin rubutu, da fensir, mutane sun kewaye ni. Na auna ƙaramin tano da kwalbar litir, ya ci ɗari da talatin. Na ce mol biyar zai ba da litir ɗari da goma sha biyu, ga sarari ya rage. Garam sittin da huɗu na karbir ke ba da mol ɗaya, biyar ke nan ɗari uku da ashirin. Har na tuna karbir na kasuwa ba tsantsa ba ne, akwai gari da tsakuwa a ciki, na ƙara rubu'i ya zama ɗari huɗu. Kun ga ba sakaci na yi ba, na yi hankali sosai, a inda ba nan haɗarin yake ba. Muka auna ɗari huɗu a mizanin wani mai shago, muka zuba a gwangwanin madara, Yaya Musa ya yanke bakin gwangwanin daidai inda karbir ya tsaya. Na ɗaga shi sama na yi wa'azi: a daddatsa karbir ƙanana, a cika, a shafe da wuƙa daidai baki. Ba tiyar gero ba ce da ake yi wa tozo.

Da hantsi muka gwada, ana sanyin nan na Agadas mai sa yatsu su ƙi lanƙwasa. Tano ya tashi a hankali, yana rawa, kowa ya ja da baya. Ya tsaya. Abba ya kunna shalimo, wuta ta fito shuɗiya, aka yi kabbara. Ni kaɗai na ga abin da bai yi mini daɗi ba. A lissafina ya kamata a ce saura kusan taƙi guda kafin bakin tanon ya fito daga ruwa, amma abin da ya rage bai fi yatsa uku ba. Sai Abba ya dafa kafaɗata a gaban jama'a, abin da bai taɓa yi wa wani ɗa ba, na ce a raina ƙila kwalbar da na auna da ita ce ba ta cika litir ba. Na koma Damagaram da dabino cike da jaka.

Da zafi ya fara shigowa sai ga takarda daga gida. Babu mai karatun boko a gidanmu, wani kwami, wato akawu, maƙwabcinmu ne yake rubuta musu, shi ne kuma yake karanta musu tawa, a cikin rumfa, da ƙarfi, kowa na ji. Bayan gaisuwar Abba da ta Inna akwai layi uku daga Yaya Musa. Ya ce tano yana tashi fiye da da, har wani lokaci ruwa yana kumfa a gefe, kuma yana jin warin tafarnuwa. Ya nemi ya rage karbir, Abba ya ce ba a taɓa ma'aunin Sidi sai da izinin Sidi. To, yana neman izini.

Amsar da na ba shi har yau ina iya karanta ta da ido rufe. Na ce lambar nan ba ni na ƙirƙira ta ba, manyan masanan duniya ne, kuma ɗaya take daga ƙasar Faransa har bakin rijiyar gidanmu. Na ce in tano ya wuce iyaka, to hannun mai awo za a duba, domin wanda ya saba da awon kasuwa da wuya ya bar tozo. Na ji daɗin jimlar nan lokacin da na rubuta ta. An ce da kwami ya karanta ta a rumfa, har shofer-shofer sai da suka yi dariya.

A tsakiyar bazara mushenmu, wato malaminmu na kimiyya, wani dogon mutum ɗan Dahome, ya shigo aji da kwalba an ɗaura mata balan-balan a baki. Ya tsoma ta a ruwan zafi, balan-balan ya kumbura. Ya mayar da ita cikin ruwan randa, ya kwanta. Ya ce gaz ba dutse ba ne, zafi na buɗa shi, kuma in iskar da ke danne shi ta yi sauƙi, nan ma yana buɗewa. Saboda haka masana suka yi yarjejeniya a kan yanayi ɗaya da za a riƙa awo a kansa, wanda suke kira conditions normales: sanyin da ruwa ke daskarewa, da matsin iska irin na bakin teku. A nan kaɗai mol yake cin 22,4. Sai ya duba aji yana murmushi.

Ya ce, "Ina ɗan Agadas? Sidi, zo allo. Garinku yana kan tudu, nesa da teku, kuma na ji an ce yanzu ƙarfe ba ya taɓuwa da rana. Ka ce gaz ya kai zafi hamsin. Lissafa mana wurin da mol ɗaya zai ci a ƙofar gidanku."

Na ɗauki alli. Na shiga lissafi. Amsa ta fito ashirin da takwas. Ban tsaya ba, hannuna da kansa ya ninka ta da biyar a gefen allo, ɗari da arba'in. Tanon Yaya Musa ɗari da talatin yake ci. Ban ma sa zafin da karbir ke yi da kansa in yana tafasa ba.

Mushe ya ce, "Très bien. Amma wannan biyar ɗin ta mece ce?"

Na ce kuskure ne, na goge ta da tafin hannu. Ya sa aji ya tafa mini.

Da yammar ranar na rubuta takarda. Gajera ce: a rage karbir da kashi ɗaya cikin huɗu, a fitar da tano daga kusa da wuta, lissafina ne bai cika ba, Yaya Musa yana da gaskiya. Na ninke ta na sa a aljihun riga. Motar Agadas ranar Alhamis take tashi, shofer ɗinta Bala abokin Abba ne. Na je tasha da sassafe, na same shi yana ɗaure kaya. Muka gaisa. Hannuna yana kan aljihu, sai na hango rumfarmu a raina: kwami a tsaye da tabarau yana karantawa da ƙarfi, mutanen da suka yi dariya suna zaune, Abba yana sauraron ɗansa mai ilimi yana cewa na yi kuskure, wanda ke kwana ƙarƙashin mota ya fi ni gani.

Bala ya ce, "Ɗan malam, akwai saƙo?"

Na ce, "A gaishe su kawai."

Kwana tara takardar nan ta yi a aljihuna, har gumi ya sa tawadar ta fara bajewa. Ban taɓa yin kwanaki masu tsawonsu ba. In an buga ƙofar aji sai in zabura. Kullum ina da sabon dalilin da zan kwantar wa kaina hankali da shi, kuma kowanne ba ya kai azahar. Na ce ai da safe suke aiki, kafin rana ta yi ƙarfi. Na ce ai tano a inuwa yake. Na ce Yaya Musa mai hankali ne, zai rage a ɓoye, alhali na san bai taɓa saɓa wa Abba ko a kan gishirin miya ba. Na sake lissafin ya fi sau ashirin ko zai canza, ina rage zafin da kaina ina cewa ƙila arba'in ne, ƙila talatin da biyar. Gidan waya yana nan kusa da makaranta, da kalma shida ta telegaram an gama, amma mai buga wayar Agadas ya san Abba, kuma bakinsa ba ya riƙe ruwa. Na yanke cewa hutu ya kusa, in na je zan gyara gwangwanin da hannuna, in ce wani sabon ilimi ne aka ƙaro mana. Haka na tsara yadda zan fita da girmana.

Rana ta tara, muna fitowa cin abincin rana, na ga Bala tsaye a ƙofar makaranta, ya cire hularsa yana juya ta a hannu. Na nufe shi da sauri.

Ya ce, "Kwantar da hankalinka, ba a mutu ba. Gobara ce. Rumhwa ta tahi duka. Wanka Musa ya ƙone a hannu, yana gidan likita."

Ya ba ni labari. Bayan azahar wata mota ta shigo da karyayyen ƙarfe, mai ita na sauri. Yaya Musa ya zuba gwangwani ɗaya. Tano ya tashi, ya wuce iyaka, ya karkace, gaz ya ɓulɓulo ta gefe. Taku uku daga nan akwai gawayin shayi a kunne. An ji ƙarar har kasuwar dabbobi. Bala ya gyara hula ya ƙara da cewa, ai kai ka hwaɗa musu tun farko, ga takardarka kowa ya ji. Na tsaya ina gyaɗa kai, ɗayar takardar tana manne da ƙirjina.

Da na iso gida hutu, inda rumfa take sai baƙin fili da guntayen ƙarfe. Zugazugan da Abba ya gada daga kakansa sun ƙone, da akwatin ƙananan kayan aikin azurfa. Abba ya rame, gemunsa ya babbake gefe guda. Ya zaunar da ni a zaure ya faɗa mini hukuncinsa, ba da faɗa ba, da murya ƙasa-ƙasa, wadda ta fi faɗa ciwo.

Ya ce, "Wanga yaro ya yi tozo. Ya rantse bai yi ba, amma hannu ya kan yi abin da ya saba, mai shi bai sani ba. Lissahi ba ya ƙarya. Na ce mishi wanda bai iya bin awo ba, ba ya riƙe mini wuta."

Na tambaya ina yake. Ya ce da hannun ya fara warkewa ya ɗauki matarsa sun tafi Dabaga wajen surukinsa mai garka, wato lambu. Inna tana bakin ƙofa tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba. Wannan ne lokacin da ya kamata in buɗe baki. Na buɗe shi kuwa, abin da ya fito shi ne, Allah ya kiyaye gaba.

Bayan kwana uku na kasa zama, na bi masu jakuna zuwa Dabaga. Na same shi a bakin rijiya yana kora sa mai jan guga, ruwa na bin ƙananan hanyoyi zuwa fangalin albasa. Hannunsa na dama daga wuyan hannu zuwa gwiwa ya yi fari-fari, fatar ta tattare. Na yi sallama bai ji ba, sai da na zagayo ta damansa. Ya yi murna da ganina, abin da ya ƙara kashe mini jiki. Ya shimfiɗa mini buhu a ƙarƙashin dabino, ya tsinko mini tumatir. Na ciro takardar, ta yi laushi kamar tsumma, na karanta masa. Na gaya masa ranar da na rubuta ta. Na yi masa bayanin zafi da buɗewar gaz, ina ta zuba kamar ina aji, don in dai ina bayani ba sai na dube shi ba.

Ya saurara har na gama. Sannan ya ce, "Wato kamar salka. In ka hura ta ka bar ta a rana sai ta yi tauri."

Na ce haka ne.

Ya ce, "To ai na gani. Sunanshi ne ban sani ba." Ya kalli hannunsa. "Kuskure ba komi ba ne, Sidi, ni ma na sha yanke ƙarhe ba daidai ba. Kwana taran nan ne ban san inda zan aje su ba."

Na fara kuka, na ce ya zo mu koma tare ya gaya wa Abba.

Ya ce, "Ni? Na hwaɗa, na rantse da Alƙur'ani a gaban mutane. Magana ta ba ta da takarda. Kai ka rubuta wadda aka karanta a rumhwa, kai za ka rubuta wata a karanta a wurin. Ba ni roƙonka. In ka yi, ka yi."

Ya tashi ya koma wajen sansa, don ruwa ya yanke a fangali.

Na dawo Agadas da niyya, wallahi da niyya. Na shigo da la'asar na tarar an kafa sabuwar rumfa, Abba na zaune da baƙi, manyan gari biyu da wani jami'i sabon zuwa. Yana ganina fuskarsa ta washe, rabon da in ga haka tun kafin gobara. Ya ce ga shi nan, wanda na ce muku tun daga Damagaram ya hango abin da zai faru. Ya sa kwami ya ɗauko tsohuwar takardata, ashe Abba ajiye ta yake cikin jakar fata tare da layunsa. Aka sake karanta ta. Na zauna ina kallon ƙasa, suka ɗauka kunya ce irin ta yaron kirki. Na ce gobe, in baƙi sun tafi. Gobe ta zo na ce sai ya ƙara murmurewa. Kafin hutu ya ƙare na yanka sabon gwangwani, ƙarami, na ce na rage ne saboda hannun ma'aikata ba shi da tabbas. Abba ya yaba da hangen nesana.

Shekara takwas Abba ya yi bayan wannan. Na zama mushe, na koyar da kimiyya shekara talatin da wani abu, kuma duk ɗalibin da ya bi ta hannuna zai gaya muku ba na yafe wa wanda ya rubuta 22,4 bai rubuta sharaɗinta ba. Suna ce mini mai tsanani, ba su san da wa nake faɗa ba. Yaya Musa bai sake riƙe shalimo ba. Yakan zo da Salla da buhun albasa, ya durƙusa ya gaida Abba, Abba ya amsa yana kallon wani wuri. Mutumin da ya ƙera tukunyar gaz da ido da hannu kawai ya ƙare yana bin sa mai jan guga a bakin rijiya, yara na kiransa Tozo, har sunan ya bi 'ya'yansa makaranta. Bai taɓa tuna mini maganarmu ba, ko da ido. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Bayan an yi sadakar bakwai ta Abba, Inna ta kira ni ɗakinta. Ta buɗe ƙasan adudunta ta ciro wani abu a ƙunshe cikin tsohon zane. Gwangwanin ne, ya yi baƙi, gefe ɗaya ya lotse. Ita ta tsince shi cikin toka.

Ta ce, "Kullum in na kai musu hura ina ganin Babba yana shahe shi da wuƙa, sau biyu, kamar mai aske. Ranar ma na gani." Ta miƙo mini. "Ni bakina ɗaure yake a kanshi tun ran da na haihe shi. Kai mi ya ɗaure naka?"

Na karɓi gwangwanin. Ba ta sake tambaya ba har ta rasu. Ban san yadda ta gane ba, wataƙila tun ranar da na yanka ƙaramin gwangwani.

Na sha gaya wa kaina cewa tunda Abba ya tafi, maganar ba ta da sauran amfani. Ƙarya ce irin ta kwana taran nan, ta ƙara tsufa ne kawai. Wanda ya kamata ya ji ya riga ya kwanta yana ganin ɗansa na fari ya ƙona gadon gidansu da ganganci, wannan ba ni da yadda zan gyara shi, da shi zan tashi gaban Allah. Amma rumfar tana nan, jikokin Bala ne ke gyaran babura a wurin, kuma tsofaffin da suka yi dariya ba duka suka mutu ba.

Gwangwanin yana cikin akwatina na ƙarfe, ƙarƙashin takardun fansho, tare da takardar da ban aika ba. Hadiza, ke kika fi su murya. Ranar Juma'a bayan an sauko, ki sa a ɗauko baffanku daga Dabaga a mota, a zaunar da shi a rumfar, a kira duk wanda ya taɓa kiransa da sunan nan, har da ku. Ni ma zan zo, in zauna a ƙasa. Ki karanta wannan daga farko, kada ki tsallake inda ya shafe ni. Ki tsaya ta damansa, ki ɗaga murya.

Yaya, ga takardar da ka ce in rubuta. Ba ka yi tozo ba. Ni ne na yi awo da sanyin da garinmu bai da shi, na gane, na yi shiru.